Tambaya da Amsa: Shin da gaske daga furen popi ake samun allurar kashe raɗaɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Na ga labari cewa Taliban sun hana noman wani fure wai shi popi a Afghanistan, har ana nuna yadda ake bin gonaki da tarakta ana tumurmushe shi saboda da shi ake yin hirowin. Toh sai kuma ƙanwata da take aikin jinya ta ce min allurar da aka yi wa mahaifinmu bayan tiyata daga wannan furen ake samo ta, abin ya ɗaure min kai. In haramtacce ne, ina kamfanonin magani suke samun nasu? Kuma manomi irina zai iya shuka shi ya sayar musu?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ƙanwarka gaskiya ta faɗa maka, tsiro ɗaya ne. Larabawa suna ce masa khashkhash, ƙaron da yake fitarwa kuma afyun, wato ofiyam. Furen yana da kyau sosai, akwai fari akwai ja akwai mai ruwan shuni, idan ganyen furen ya zube sai ya bar wani ƙoƙo kore kamar girman ƙwan kaza mai ɗan kambi a kai. A cikin fatar ƙoƙon nan ne maganar take. Idan aka tsaga shi sai wani farin ruwa kamar nono ya tsattsafo, ya kwana ya daskare ya koma ruwan ƙasa mai danƙo, wannan shi ne ofiyam. A cikinsa wani Bajamushe mai haɗa magani, Friedrich Sertürner, ya fara ware mofin, wato maganin kashe raɗaɗin nan mai ƙarfi, wajen 1804, sai kodin a 1832 a Faransa. Ita kuwa hirowin daga mofin ɗin ake sarrafa ta, kuma kar ka yi mamaki, kamfanin Bayer ne ya fara sayar da ita a fili a 1898 a matsayin maganin tari kafin duniya ta gane irin wutar da aka kunno.

Toh kaga abin da doka take bi ba furen ba ne kansa, hannun da ƙaron zai faɗa take bi. Kuma sai da aka sha wuya kafin a zo nan, don a da gwamnatoci ne ma manyan dillalan. Turawan Ingila sun riƙa noma shi a Indiya suna kai wa Sin, da sarkin Sin ya ce a daina saboda mutanensa sun lalace sai aka yi yaƙi a kai daga 1839 zuwa 1842, Sin ta sha kashi har ta sallama Hong Kong. Sai a 1912 aka sa hannu kan yarjejeniya ta farko a birnin Hague, daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara tsofaffin yarjejeniyoyin ta mayar da su guda ɗaya a 1961, kuma ita ce har yau kusan duk ƙasashen duniya suke aiki da ita.

Abin da ta ce a taƙaice shi ne duk ƙasar da za ta bari a noma popi don cire ofiyam dole ta kafa hukuma ta gwamnati, hukumar ce za ta ce ga yankin da za a shuka, ita za ta ba manomi lasisi da girman filin a rubuce, kuma manomin dole ya miƙa mata duk abin da ya girbe kaf, ba ya ajiye ko ɗan tsinke, ita kuma ta karɓe shi cikin wata huɗu da gama girbi. Sannan akwai wata hukuma a Vienna da kowace ƙasa take aika wa lissafin abin da take buƙata a shekara da abin da ta samar da wanda ta sayar.

Bari in ɗan tsaya a kan Indiya don nan ne za ka ga yadda abin yake a ƙasa. Jihohi uku ne kawai ake noma shi, Madhya Pradesh da Rajasthan da Uttar Pradesh, su ma ba ko'ina ba, wasu gundumomi ne ƙididdigaggu. Hukumar da ke kula da shi hedkwatarta na Gwalior, duk shekara ake sabunta lasisi, filin da ake ba mutum kuma ɗan mitsitsi ne ko eka ɗaya bai kai ba. Jami'ai za su zo su auna gonar, in ka ƙara ko kunya biyu a kan abin da aka rubuta maka ka shiga uku. Lokacin girbi iyali gaba ɗaya suke fita, da rana a bi ƙoƙunan ɗaya bayan ɗaya ana tsagawa, da sassafe a dawo a kankare, a auna a rubuta a littafi, ƙarshen kaka a kai wurin awon gwamnati a gwada ingancinsa, daga nan ya wuce masana'antun gwamnati na Ghazipur da Neemuch. Wani abu da mutane ba su sani ba shi ne akwai mafi ƙarancin abin da dole gonarka ta bayar, in ka kawo ƙasa da haka za a ɗauka ka karkatar da sauran kasuwar bayan fage ne, lasisin baɗi ya tafi kenan. In kuma ƙanƙara ko cuta ta lalata maka gona ba ka isa ka yi shiru ba, sai ka kai rahoto a zo a nome ta a gaban jami'i. Ni dai ina tausaya wa waɗannan manoman, ga 'yan sumoga suna zagaya su da farashin da ya ninka na gwamnati sau da yawa ga dokar miyagun ƙwayoyi ta 1985 mai ɗaurin shekaru tana jiran wanda ya kasa haƙuri, ga kwana a gona ana gadin ɓarayi.

Turkiyya ta bi wata hanya daban. Can akwai gari sukutum da sunan abin, Afyon. Amurka ta matsa musu lamba suka hana noman a 1971, manoma suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, a 1974 aka dawo da shi amma da sharaɗin ba a tsaga ƙoƙon kwata-kwata, a bar shi ya bushe a kan karansa, gwamnati ta saye ta kai masana'anta a Bolvadin a cire mofin da inji. Kaga an rufe ƙofar da ƙaron yake bi ya sulale. Haka ake yi a Faransa da Sifaniya da tsibirin Tasmania na Ostireliya, inda ake kewaye gonakin da shinge da allunan gargaɗi, don an sha samun waɗanda suka saci ƙoƙunan suka dafa suka sha suka mutu.

Na Afghanistan kuwa ba na lasisi ba ne, ta yi shekaru da dama tana samar da sama da kashi 80 cikin 100 na haramtaccen ofiyam na duniya. Taliban sun taɓa hanawa a 2000, suka sake a watan Afrilun 2022, kuma ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ce filin da ake shukawa ya sauko daga hekta 233,000 zuwa 10,800 a 2023. Sai dai kuɗin da manoma suke samu shi ma ya faɗo daga dala biliyan 1.36 zuwa miliyan 110, mutanen da dama bashi ne a wuyansu kuma alkama ba ta biyan abin da popi yake biya. A shekarar ce Myanmar ta koma ta ɗaya. Inda na ga an yi abin da hankali shi ne Tailan, tun 1969 sarkinsu Bhumibol ya fara shirin koya wa mutanen kan duwatsu noman kofi da 'ya'yan itace, aka yi musu hanya da kasuwa, aka ɗau shekaru ana yi kafin a matsa da tumɓuke gonaki.

Amsar tambayarka ta ƙarshe kuwa a'a ce, don Allah kar ka soma. Babu kamfanin magani na gaskiya da zai sayi popi a hannun manomin da ba shi da lasisi, in ƙasarka ba ta cikin masu tsarin nan ma babu wanda zai ba ka lasisin, duk wanda ya zo maka da iri yana cewa zai saye amfanin to gidan yari yake nema maka.

Akwai kuma ɓangaren da yake ci min tuwo a ƙwarya. Tsoron kar maganin ya faɗa hannun 'yan shaye-shaye ya sa ƙasashe matalauta da yawa ba sa ma neman isasshen mofin, mafi yawansa ƙasashe masu arziki ne suke shanyewa, alhali yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dole a same su, kuma ba shi da tsada. Na yi jinyar gwaggona da cutar kansa ta ci ƙarfinta, wallahi dare ɗaya ba zan manta ba, tana damƙe da ƙarfen gado tana salati har muryarta ta dushe, mai jinyar ta ce min maganin ya ƙare kuma sai an cike takardu kafin a kawo wani. Yarjejeniyar 1961 ɗin nan da kanta ta ce wajibi ne a wadata marasa lafiya da shi, amma wannan rabin ba a cika waiwayarsa ba.

TAMBAYA: Malam ina yini. Ni ɗaliba ce a ƙasar waje, ana sayar da burodi mai wasu ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe a kai, aka ce min irin popi ne. Ci na halatta kuwa, kuma zan iya tafiya da shi a jaka?

AMSA: Lafiya lau 'yar'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ƙwayar irin kanta ba ta bugarwa, abinci ce a wurare da yawa, Jamhuriyar Czech ma don ita suke noma shi, Indiyawa kuma suna sa ta a miya. Sai dai wajen girbi ƙaron yana ɗan shafar bayanta, shi ya sa in kika ci da yawa aka yi miki gwajin fitsari washegari za a iya ganin alamar mofin, toh in kin san akwai gwaji a gabanki na aiki ko na wasanni ki ƙaurace masa na 'yan kwanaki. Maganar jaka kuma ki yi hattara sosai. A Amurka ana sayar da irin a kanti amma shuka tsiron laifi ne, a Ingila mutane suna shuka shi a lambu don ado muddin ba su taɓa ƙaron ba, amma Singapore da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Saudiyya irin ma sun hana shiga da shi, kuma a filin jirgi ba a karɓar uzurin ban sani ba. Ko yada zango kawai za ki yi a Dubai, ki cinye burodinki tun kafin ki hau jirgi ki kakkaɓe jakar.

TAMBAYA: Malam tiramadol ma daga popi ake yin sa?

AMSA: A'a ɗan'uwa, shi a ɗakin gwaji ake haɗa shi daga sinadarai, wani kamfanin Jamus mai suna Grünenthal ne ya fara fito da shi kasuwa a 1977, haka fentanil, wani maganin kashe raɗaɗin, shi ma ba ruwansa da gona. Amma wurin da suke kamawa a ƙwaƙwalwa ɗaya ne da na mofin, don haka suna kama mutum ya kasa bari, yawansu kuma yana tsayar da numfashi, tiramadol har farfaɗiya yake jawowa. In ba likita ne ya rubuta maka ba kar ka sha, in kuma ka riga ka saba da shi kar ka yanke lokaci ɗaya kai kaɗai, ka je asibiti a rage maka a hankali.