Malam, ina son manhajar da zan riƙa karanta WhatsApp ɗin 'yar yayana ba ta sani ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yar yayana ce a hannuna tun rasuwar mahaifiyarta, shekararta 15, tana aji huɗu a sakandare. Babanta ya saya mata waya Tecno saboda karatu. 'Yan watannin nan yarinya ta canza mini. Ƙarfe biyun dare sai in hango hasken waya a ƙarƙashin bargo, ta fara fashin Islamiyya, ga wata maƙwabciya ta nuna mini bidiyonta a TikTok da wani suna daban, ta sha kwalliya tana rawa. Kullum da data a wayarta, ni kuwa ban ba ta ko sisi ba. Da na tambaya sai ta ce ƙawa ce ke tura mata. An ce akwai manhajar da ake sa wa mutum a riƙa ganin hirarsa. Wacce ce mai kyau? Ko in ƙwace wayar kawai? Ban faɗa wa babanta ba tukuna, don mutum ne mai zafi. Daga wata gwaggo a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifiyarta, ya ba ki ladan riƙo.

Manhajar da kike nema ba zan ba ki sunanta ba, kuma ga dalilina. Saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya daga wayar mai turawa zuwa ta mai karɓa, ko kamfanin ba ya iya karantawa a hanya. Saboda haka duk tallan da kika gani cewa "sa lambar mutum ka ga hirarsa", damfara ce, kuɗinki ko lambar katinki ake hari. Waɗanda ke aiki da gaske sai an dasa su a cikin wayar yarinyar, ba a samun su a Play Store, kuma sai an kashe kariyar wayar kafin su zauna. Suna zama sai su kwashe komai, hotunanta, muryoyinta, inda take a kowane lokaci, su ajiye a kwamfutar wasu mutane da ba ki san su ba. Kamfanonin da ke wannan sana'a an sha yi musu kutse bayanan mutane su watsu. Kin ga ke nan da hannunki kin miƙa hotunan 'yar shekara 15 ga baƙo.

Ɗaya dabarar, wadda wasu masu gyaran waya ke karɓar kuɗi su yi, ita ce a haɗa WhatsApp ɗinta da wata wayar ta hanyar Linked devices. Wannan ba ta ɓoyuwa. Sunan na'urar da aka haɗa yana nan a jere a wayarta, kuma yaran yanzu sun fi mu sanin inda ake dubawa. Ranar da ta gano, ba daina hirar za ta yi ba. Wayar ƙawa za ta ara a makaranta, ko wanda ke tura datar ya saya mata wata ƙarama ta ɓoye a jakar littattafai. Ƙwace wayar ma nan yake kaiwa.

Ni a wasiƙarki ba rawar ce ta tayar mini da hankali ba, datar ce. Wa ke biya? Yadda abin ke tafiya sananne ne: babban mutum ya ga bidiyon yarinya, ya yaba, ya nemi lamba a koma WhatsApp ko Snapchat, ya fara da data da katin waya, ya wuce zuwa 'yan dubbai ta OPay ko PalmPay. Bayan ta saba da karɓa sai ya ce ta turo hoto, "ni kaɗai zan gani". Daga hoto sai haɗuwa, ko barazana. Mai yiwuwa da gaske ƙawa ce. Gane hakan ba wuya: in an tura wa mutum data, sau da yawa kamfanin layin yana aiko da saƙon tes ɗauke da lambar wanda ya tura. Ki ce ta buɗe miki saƙonnin a gabanki. In kuma tana da asusun kuɗi a wayar, tarihin shigar kuɗi yana nuna suna.

Akwai wani abu a maganar maƙwabciyar nan. A ƙa'idar TikTok, wanda bai kai shekara 13 ba ba ya buɗe shafi. Daga 13 zuwa 15 shafin a rufe yake zuwa, babu damar aika saƙon sirri, kuma ba a yaɗa bidiyon yaron a For You inda baƙi ke gani. Yin Live sai an kai 18. To in bidiyon 'yarki na yawo har ya faɗo wayar maƙwabciya, akwai alamar shekarar haihuwar ƙarya ta sa lokacin buɗe shafin, wato duk kariyar nan ba ta hau kanta ba. Wannan shi ne abin fara gyarawa: a rufe wancan shafin, a buɗe sabo da shekarunta na gaskiya.

Sannan ki haɗa shi da naki ta Family Pairing. Ki sauke TikTok a wayarki ko da ba ki kallo, ku shiga Settings and privacy a wayoyin biyu, ke ki zaɓi matsayin uwa ita ta zaɓi na yarinya, sai ta haska lambar QR da za ta fito a wayarki. Daga nan kina iya ƙayyade mata lokacin kallo, ki rufe shafin, ki taƙaita masu yi mata sharhi. Ba zai nuna miki abin da take rubutawa ba, kuma in ta cire haɗin za a sanar da ke. Instagram ma tun Satumbar 2024 ya fito da tsarin shafin matasa, inda 'yan ƙasa da 16 ba sa iya sassauta kariyar sai da izinin iyaye. Wayar gaba ɗaya kuwa, Family Link na Google kyauta ne: yana kulle ta in lokacin barci ya yi, yana hana sauke manhaja sai kin amince, yana nuna inda wayar take.

Ki lura wayoyin Tecno suna da App Twin, na Infinix kuma XClone, masu ba da damar WhatsApp biyu a waya ɗaya. In kin ga kalkuleta biyu ma ki tambaya, don akwai manhajojin ɓoye hotuna da ke shigar burtu da kamannin kalkuleta. Digital Wellbeing a cikin saitin wayar zai nuna awa nawa aka yi a kan kowace manhaja. Duka wannan a gabanta za ki duba, tana zaune kusa da ke.

Maganar ƙarfe biyun dare ba ta buƙatar manhaja. Ƙarfe goma kowace waya a gidan ta kwana a ɗakinki a wurin caji. Na ce kowace, har ta 'ya'yanki, don in ita kaɗai aka ware, marainiya ce, fassarar da za ta yi wa abin daban ce.

Babanta dole ya sani, 'yarsa ce. Amma ki fara zama da ita ku biyu, ba a tsakar gida ba, ba a gaban yara ba. Abin da ya fi muhimmanci ta ji daga bakinki shi ne, duk abin da ya faru a wayar nan, ko ita ce ta yi kuskuren, ta zo wurinki kafin kowa. Masu yi wa yara barazana da tsoron dukan gida suke cin kasuwa. Yarinyar da ta san bulala ce ke jiranta gara ta ci gaba da biye wa mugu da ta buɗe baki. Idan kuwa kin tarar ta riga ta fara haɗuwa da wani babba, ko ta tura hoton tsiraici, ko akwai ƙwaya irin su tiramol da maganin tari mai kodin a lamarin, ko tana maganar gara ta mutu, to ranar za ki kira yayanki, ki kuma nemo wani babba a dangi da yake jin nauyinsa ya zauna tare da ku.

Tambaya: Malam, ƙanena ne ɗan shekara 16. Wata ta yi ta hira da shi a Facebook har ya tura mata bidiyon da bai dace ba. Ashe namiji ne. Yanzu ya ce a ba shi dubu hamsin ko ya tura wa duk abokansa da 'yan gidanmu. Yaron ya riga ya tura dubu goma. Ni kaɗai ya faɗa wa. In cika sauran? Daga wani ɗalibi a Jos.

Amsa: Kada ka ƙara ko naira ɗaya, ɗan'uwa. Wanda aka biya sau ɗaya ya gane akwai mai tsoro, gobe sai ya ninka. Wannan sana'a ce ta gungun mutane da ke jefa ƙugiya ga ɗaruruwa a lokaci guda. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda irin wannan aiki.

Kafin komai ku ɗauki hoton allo na hirar, da sunan shafin, da lambar asusun da aka tura kuɗin, da rasit. Bidiyon kansa kada ka tura wa kanka ko wani wai don shaida, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta ajiyewa ko yaɗa tsiraicin ɗan ƙasa da 18. Daga nan ku kai rahoton shafin ga Facebook, ku toshe shi, ku ɓoye jerin abokan yaron. Shafin ƙanenka kuwa a dakatar da shi na ɗan lokaci, kada a goge, don gogewa na iya tafiya da shaida.

Akwai shafin Take It Down na NCMEC, wata cibiyar kare yara ta Amurka, kyauta ne, ba a tambayar suna. Bidiyon ba ya barin wayar. Wata lambar shaida kawai ake cirewa daga jikinsa a raba wa Facebook, Instagram, TikTok da sauran kamfanonin da suka shiga tsarin, su riƙa tare shi in an yi yunƙurin ɗorawa. Bai shafi abin da aka tura ta WhatsApp ba. In yaron ya riga ya goge bidiyon, kada ku nemi a sake turo muku shi. Shaidun da kuka tara ku kai wa 'yan sanda, suna da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, kuma lambar asusun nan ita ce babbar hanyar bin sawu.

Kwanakin nan kada ka bar shi shi kaɗai, musamman da dare. A 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya kashe kansa sa'o'i kaɗan bayan an fara yi masa irin wannan barazana. Wasu 'yan'uwa biyu daga Legas ne suka yi masa, an miƙa su Amurka, aka ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi a 2024. Ka karɓi wayar ta kwana a wurinka don kada ya riƙa ganin saƙonnin da za su biyo ta wasu lambobi, sannan ku zaɓi babba ɗaya a gida, mai sanyin hali, ku faɗa masa tare kafin ku je wurin 'yan sanda.