Kuɗin kamfanina ya kusa ƙarewa: in faɗa wa ma'aikata ko in yi shiru?

Tambaya: Malam, na kafa wani ƙaramin kamfanin manhaja, mu goma sha ɗaya ne. Mai zuba jarin da muka dogara da shi ya janye, abin da ya rage a asusu ba zai kai mu fiye da wata biyar ba. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce komai lafiya, amma barci ya ƙaurace mini. Ina jin ana cewa shugaba ya riƙa nuna rauninsa. Ni kuwa tsorona in buɗe baki gwanayen cikinsu su watse. Yaya zan yi?

Amsa: Ka faɗa musu, kada ma ka bari makon nan ya wuce. Sai dai abu biyu ka cuɗa a tambayarka: halin da kamfani yake ciki, da halin da zuciyarka take ciki. Na farko haƙƙinsu ne su sani, domin da albashin nan suke riƙe iyalansu. Na biyu kuwa ba kowane kunne ya kamata ya ji shi ba.

Ka sani cewa sun riga sun ji a jikinsu. Sun ga an dakatar da ɗaukar sabon ma'aikaci, sun lura ka daina ambaton mutumin da a da kullum sunansa yana bakinka, sun ga fuskarka idan ka gama amsa waya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da "komai lafiya" yake koya musu shi ne a wannan wuri ba a faɗin labari marar daɗi, kuma gobe su ma haka za su yi maka. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta ci karo da wannan a binciken da ta yi a asibitoci: rukunonin ma'aikatan da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce, saboda su ne ba sa tsoron faɗa idan sun yi. Kamfani irin naka, da kowane mako yake da muhimmanci, ba zai iya jure injiniyan da ya gano matsala a manhaja ya yi gum ba.

Ga yadda wasu suka yi. A watan Mayun 2020, da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye, Brian Chesky, shugaban Airbnb, kamfanin da ke haɗa matafiya da masu ba da hayar masauki ta intanet, ya sallami kusan mutum 1,900 cikin 7,500. A wasiƙarsa ya faɗi cewa kuɗin shigar shekarar ba zai kai rabin na 2019 ba, ya bayyana yadda aka yanke shawarar, da abin da kowane wanda aka sallama zai samu. Ya nuna abin ya taɓa shi, amma mafi yawan wasiƙar a kan su ne, ba a kansa ba. A Nuwamban 2022 Patrick Collison, shugaban Stripe, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, da zai rage kashi 14 cikin ɗari na ma'aikata, ya ce laifin na shugabanni ne: sun yi zaton kasuwancin intanet zai ci gaba da bunƙasa da sauri, suka kuma bar kuɗin gudanarwa ya yi yawa. Ya ambaci kuskuren da sunansa, bai laɓe bayan "yanayin kasuwa" kaɗai ba.

Kwatanta da shugaban wani kamfanin talla mai suna HyperSocial, wanda a Agustan 2022 ya saka hotonsa yana hawaye a dandalin sada zumunta na LinkedIn bayan ya sallami ma'aikata. Ban ce hawayen na ƙarya ba ne. Matsalar ita ce waɗanda suka rasa aiki sun koma gefe, shi ya zama abin tausayi. Da wannan nake auna kowace magana da shugaba zai yi: wa za ta amfana? Idan za ta taimaki mai saurare ya yanke shawara ko ya gyara aikinsa, faɗe ta. Idan kai kaɗai za ta rage wa nauyin zuciya, ba wurin ma'aikata za ka kai ta ba. Ka kai ta ga abokin da kuka kafa kamfanin tare, ko wani da ya taɓa shiga irin wannan hali, ko iyalinka. Rashin barcin nan kuma kada ka raina shi. Idan ya ɗore, ga likita.

To, ranar taron. Ka tara su gaba ɗaya a lokaci guda, kada wasu su ji daga bakin wasu. Faɗi adadin yadda yake: wata biyar, kada ka ce "muna ɗan fuskantar ƙalubale". Faɗi naka kason na laifin, misali cewa ka dogara da mai zuba jari ɗaya ba ka nemi wani ba. Sannan ka zo da shiri a hannu: waɗanne kashe-kashe za a yanke, wa kake tattaunawa da shi, wace rana za ka dawo musu da sabon bayani. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Kana iya cewa, "Ni ma abin yana damuna," ka tsaya nan. Jimla ɗaya ta isa su san mutum ne a gabansu.

Wasu za su tafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma wanda ya tafi yanzu da saninka ya fi wanda zai gano a wata na huɗu cewa an rufe shi, ya tafi da fushi, ya kuma ba da labarinka a duk inda ya je. Waɗanda suka zauna kuwa, da idonsu buɗe suka zauna, kuma sau da yawa daga cikinsu ake samun wanda ya san inda kuɗi yake zurarewa ba tare da kai ka sani ba.

Akwai tambayar da lallai wani zai yi maka, ko a taron ko bayansa: "In fara neman wani aiki?" Ka shirya amsarta tun yanzu. Kada ka yi alkawarin da ba ka da ikon cikawa. Ka ce masa kana so ya zauna, ka faɗa masa har zuwa wane wata albashinsa yake tabbas, kuma idan ya zaɓi tafiya za ka rubuta masa takardar shaida mai kyau.