Ga mai karatu a Harobanda da aiki da goyo

Ƙanwata, na karanta tambayarki sau biyu. Kin ce da safe kina aiki, da yamma kina jami'ar Abdou Moumouni da ke Harobanda, a hayin kogin Yamai, ga yara biyu, kuma yanzu ko littafi kika buɗe sai hawaye, har kina zargin kanki da lalaci. Wallahi ba lalaci ba ne. Ni ma na bi ta nan.

Lokacin da nake lisansi ina koyarwa a firamare a Talladje. In na tashi, sai in kama faba-faba, wato ƙaramar motar haya, in sake neman taksi in haye gadar Kennedy cikin zafin watan Afrilu, wanda a Yamai ya kan wuce digiri 40. In dawo bayan magariba, tukunya na jirana, uwar mijina na jiran maganinta. Sai sha biyun dare nake buɗe takarda, in karanta layi ɗaya sau biyar bai shiga ba.

Abin da ya tsorata ni ba ciwon kai ba ne. Ɗalibaina da nake so ne na fara jin haushin muryarsu, kuma na daka wa ɗiyata tsawa don kawai ta ce in duba zanenta. Daga baya na san cewa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan ƙonewar da aiki ke jawowa da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, abin da ake iyawa ya fara gagara. Duka ukun ina da su. Da na je asibiti aka auna, jinina ya hau.

Kara ce ta kusa kayar da ni. Ina jiran maigida ya gani da idonsa, shi kuwa yana ganin tuwo na sauka a kan lokaci, ya ɗauka lafiya lau. Ran da na zaunar da shi na faɗa masa da baki, shi ya karɓi kai yara lakwal. Miya na koma yi ran Lahadi, ta kwana uku. Foyandi, wato taronmu na mata na adashe, na riƙa aika kuɗina ban je ba, suna da biki sai na dangi na kusa. An yi gunaguni, ƴan watanni aka manta. Karatu na mai da shi bayan asuba, awa ɗaya da kai a sake ta fi ukun dare. Darasi biyu kuma da gangan na bar su zuwa zagaye na biyu na jarrabawa, na ci su.

Ki fara zuwa a auna jininki cikin satin nan, ki gaya wa likita maganar barci da kukan, kar ki ɓoye. Sannan ki faɗa mana, a gidan akwai babbar da za ta riƙe miki yaran ko da yamma biyu a sati?