Amsa: In ƙasa ta fara girgiza, a ruga waje ne?

Malam, ka tambaya ko rugawa waje ya fi in girgizar ƙasa ta rutsa da kai cikin ɗaki. Don Allah kada ka ruga. Abin da ke jikkata mutane galibi faɗowa yake yi: gilashin taga, bulo, kabad. Ka durƙusa ka shige ƙarƙashin tebur mai ƙwari, hannu ɗaya ya riƙe ƙafarsa gam, ɗayan ya kare ƙeyarka. In ta lafa, ka sauka ta matakala, ban da lifta.

Komawa cikin gini ɗaukar kaya shi ya fi tayar min da hankali, domin girgizar na iya maimaituwa. A Turkiyya, 6 ga Fabrairun 2023, kimanin awa tara bayan girgiza mai ƙarfin maki 7.8, wata mai 7.5 ta sake jijjiga gine-ginen da suka riga suka tsage.