Ruwan Wanke-wanke da Lambun Gida: Amsoshin Wasiƙunku

Wata uwargida ta rubuto cewa sun sayi injin wanke kwanuka, kuma ranta ba ya son ganin ruwan yana bin magudana a banza. Shin ta sa mai gyaran famfo ya karkata bututun zuwa lambu?

Hajiya, kada ki karkata. Niyyar tana da kyau, amma wannan ruwa ba na shuka ba ne. Sabulun wanke-wanke na hannu an haɗa shi ne yadda fata za ta iya jurewa. Na inji kuwa aikinsa ya narkar da maiƙo ba tare da soso ba, shi ya sa yake da kaifi irin na ruwan toka. A ma'aunin pH, wanda ake auna tsami ko kaifin abu da shi, yakan kai 10 ko ya wuce, alhali yawancin tsirrai sun fi jin daɗin ƙasa mai 6 zuwa 7. Ga bilic a cikin da yawa daga cikinsu. Injuna da dama kuma suna da wurin zuba gishiri don tausasa ruwa, kuma ragowar gishirin ta wannan bututun take fita. Ruwan da zafinsa yake fitowa, don wanki yakan kai digiri 50 zuwa 70. Duk wannan kasada a kan me? Injin zamani bai fi lita 10 zuwa 12 yake sha a wanki ɗaya ba, wato bokiti guda. Ko a Kalifoniya ta Amurka, inda fari ya sa doka ta yarda a shayar da lambu da ruwan wanka da na wankin kaya, an cire ruwan kicin da na injin kwanuka daga cikin lissafin.

Wani magidanci ya ce shi ya warware matsalar: ya sayi sabulu mai tsada, kwalinsa da hoton koren ganye, an rubuta ba ya cutar da muhalli, babu fosfet, kuma yana ruɓewa da kansa.

Malam, ka sayi kwali ne, kuma ba kai kaɗai ba. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, don wasiƙu irin taka ba sa yankewa. Mutum ya ga ganye a jikin kwali sai ya zaro kuɗi, bai ko juya bayan ya karanta ba. Batun fosfet ba don lambunka aka yi shi ba. An taƙaita shi ne saboda koguna da tafkuna, inda yake haddasa gansakuka har kifi ya rasa iska. Jihohi da dama a Amurka sun yi haka a 2010, Tarayyar Turai ta bi baya a kan sabulun injin kwanuka a 2017. Fosfet ma ai yana cikin abin da ake haɗa takin zamani da shi, ba shi ne abokin gabar shukarka ba. Abokin gabar shi ne sodiyom, sinadarin da ke cikin gishiri, kuma sodiyom ba ya ruɓewa. Kumfar za ta tafi, ƙamshin zai tafi, gishirin yana nan a ƙasa, na yau a kan na jiya. Idan ƙasar mai yumɓu ce sai ta daskare, ruwa ya riƙa kwanciya a sama ya ƙi shiga. Saiwa kuma tana cikin danshi amma ta kasa sha.

Saboda haka ka juya kwalin. Duk inda ka ga sodiyom a farkon jerin sinadarai, ko boron, ko kulorin, wannan ba na lambu ba ne komai kyawun hoton. Idan kuwa babu jerin gaba ɗaya, babu sunan kamfani balle adireshi, ka ajiye shi ka wuce. Garin sabulun da aka sake ƙullawa a leda ba wanda zai iya gaya maka abin da ke ciki, har da mai sayar da shi. Haka ƴan na'urorin tace ruwa da ake tallatawa da sunan suna mayar da ruwan wanke-wanke na ban-ruwa: rariya ce da yashi, suna tare ɓarɓashin abinci, gishirin da ya narke kuwa wucewa yake yi abinsa. Kuɗin da za ka zuba a can, ka sayi tankin tarar ruwan sama da su.

Wata baiwar Allah ta ce wata huɗu tana zuba ruwan injin a gindin lemon tsamin da mahaifinta ya dasa. Yanzu bakin ganyen ya ƙone, wasu na zubewa, har barci ya gagare ta.

Ƴata, kwantar da hankalinki, ba ki yi da gangan ba, kuma da sauran dama. Dangin lemo suna cikin itatuwan da ba sa jimirin gishiri, shi ya sa ya nuna da wuri. Ki daina zubawa daga yau. Ki ba shi ruwa mai tsabta mai yawa a hankali, yadda zai nutse ya tura gishirin ƙasa da saiwa, ki maimaita bayan ƴan kwanaki. Idan kin ga farin ɓawo a saman ƙasa ki kankare shi. Ki barbaɗa jifsum (farin garin ma'adini da ake gyara ƙasa mai gishiri da shi) in kin samu, ki rufe gindin da ruɓaɓɓen takin gargajiya ba tare da ya taɓa jikin itacen ba. Kada ki sa takin zamani yanzu, shi ma gishiri ne. Ganyen da ya ƙone ba zai dawo ba, sabon toho za ki sa wa ido.

Wani na tambaya ko ya tara ruwan a durom har mako guda ya huce, ƙarfin sabulun ya ragu.

A'a. Ruwa mai maiƙo da guntun abinci ba a kwana biyu da shi. Bayan awa 24 ya fara wari, ƙwayoyin cuta sun ninka, ƙuda da sauro sun samu gida. Wannan bai kamata ya zama tambaya ba.

Ta ƙarshe daga wata ɗaliba ce da ke wanke-wanke da hannu: nata ruwan fa?

Naki ya fi sauƙi, ƙanwata. Ruwan ɗauraya na ƙarshe, da wanda kika wanke kayan lambu da shi, ki ba itatuwa da furanni. Ki bari ya huce, ki zuba a ƙasa ba a kan ganye ba, ki riƙa sauya wuri. Kada ya je kan latas, karas ko wani abin da ake ci ɗanye, haka ƙananan tsiro da shukar cikin tukunya, don ƙasarsu kaɗan ce, gishiri na saurin cika ta. Ruwan da ya taɓa ɗanyen nama ko kaza kuwa magudana ce wurinsa.