Tambayoyin Masu Karatu: Sabar gidana tana jan ƙafa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ɗora wa tsohuwar kwamfutata Ubuntu (wani nau'in tsarin Linux), na mai da ita saba a gida, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima. In zan shiga da SSH (hanyar shiga kwamfuta daga wata na'ura), sai na jira kusan daƙiƙa 20 kafin ta nemi kalmar sirri, amma da na shiga komai lafiya lau. Ina matsalar take?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda bayan shiga ba ta nauyi, ka bar zargin waya ko Wi-Fi. Na fi zargin sabar tana tambayar DNS (tsarin da ke haɗa suna da adireshin na'ura) sunan na'urar da ta ƙwanƙwasa mata ƙofa, rautar gida (na'urar da ke raba intanet) kuwa ta yi gum, sai ta zauna jira. Tawa ma haka ta yi min.

Buga ssh -vvv ka ga layin da ya tsaya. Sannan buɗe fayil ɗin saitin SSH a sabar, /etc/ssh/sshd_config, ka sa UseDNS no, da GSSAPIAuthentication no, ka sake tayar da SSH. Tun fitowar OpenSSH (manhajar SSH ɗin) 6.8 na 2015 UseDNS a kashe yake zuwa, to in ka tarar da shi haka, gwada ssh -4, wanda ke bin tsohon tsarin adireshi, IPv4, kawai; wataƙila sabon tsarin, IPv6, ne ke riƙe ka.

Don Allah kada ka rufe tagar da ka fara shiga da ita sai ka gwada shiga ta sabuwa, kar kuskuren rubutu ya kulle ka a waje.