Yadda Ake Karanta Takardar Gwajin Huhu: Amsoshin Likita ga Masu Karatu a Kumasi

Tun da hunturu ya shigo, ƙura da hazo suka lulluɓe gari, yawancin tambayoyin da ke zuwa mini a kan numfashi suke, kuma da yawa daga masu tambayar suna riƙe da takardar gwajin huhu wadda suka kasa fahimtar lambobin da ke cikinta.

Wata Hajiya daga Aboabo ta ce: Likita, shekaruna 58, kuma na shafe kusan shekara 30 ina dafa wake da shinkafa na sayarwa a kan murhun itace. Yanzu ko ɗan tudu na hau sai haki ya kama ni. An sa ni na busa iska a wata na'ura, aka fesa mini magani, na sake busawa. An rubuta FEV1/FVC 0.58, sannan FEV1 kashi 60 cikin 100. Ban taɓa shan taba ba, to mene ne ya sami huhuna?

Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Na'urar da kika busa ana kiranta sifirometa, kuma wani likita ɗan Ingila mai suna John Hutchinson ne ya fito da ita a shekarar 1846. Abu biyu take aunawa. FVC shi ne dukan iskar da mutum zai iya turowa waje da ƙarfi bayan ya cika ƙirjinsa fam, FEV1 kuwa shi ne abin da ya fito a cikin daƙiƙar farko kaɗai. Babban mutum mai lafiya yakan fitar da kashi uku cikin huɗu na iskarsa ko fiye a wannan daƙiƙa. Ke kuwa abin da ya fito bai kai kashi 60 cikin 100 ba, ko bayan an ba ki maganin buɗe hanyoyin iska. Ki kwatanta da butar alwala wadda bakinta ya cushe: ruwan yana ciki, amma fitarsa ta zama a hankali. Idan lambar FEV1/FVC, wato abin da ya fito a daƙiƙar farko idan aka kwatanta shi da dukan iskar da aka turo, ta tsaya ƙasa da 0.70 bayan an shaƙi magani, ga kuma alamomi irin naki, mukan ce mutum yana da cutar toshewar hanyoyin iska mai ɗorewa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da COPD. Lambar ta biyu, wato FEV1 ɗinki kashi 60 cikin 100 na abin da ake tsammani ga mai shekarunki da tsayinki, tana nuna cewa cutar tana a matsakaicin mataki.

Mutane da yawa sun ɗauka cutar mashaya taba ce kawai, alhali hayaƙin itace da gawayi a wurin girki marar iska yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ta ga mata. Wannan yana damuna ƙwarai, domin iyayenmu mata da suka ciyar da unguwa da guminsu su ne suke biyan wannan farashi da huhunsu. Abin da ya riga ya lalace ba ya dawowa, amma ana iya rage saurin lalacewar, a kuma sauƙaƙa numfashi. Ki mayar da girkinki fili inda iska ke kaɗawa, ki koma ga gas idan da hali, ki bar hura wuta da baki, kuma ki riƙe maganin shaƙa da za a rubuta miki kullum, kada ki jira sai numfashi ya sarƙe. Kada kuma haki ya sa ki daina tafiya da ƙafa, domin zama wuri ɗaya yana ƙara raunana jiki.

Wani matashi mai fentin mota a Magazin ta Suwame ya ce: Ƙirjina yakan yi kuka cikin dare, musamman bayan na yini ina feshi. Na yi gwajin busa iska aka ce lafiya lau. Ashe ba ni da asma ke nan?

Ɗan'uwa, gwaji ɗaya mai kyau ba ya kore asma, domin ita cuta ce mai zuwa tana tafiya, kuma mai yiwuwa ranar da aka gwada ka hanyoyin iskarka a buɗe suke. Idan an yi sa'a an gwada mai asma lokacin da take damunsa, za a ga toshewa, sannan bayan ya shaƙi maganin buɗe hanyoyin iska mai suna salbutamol da kimanin minti 15 sai FEV1 ya ƙaru da aƙalla kashi 12 cikin 100 da kuma mililita 200. Wannan buɗewa ita ce babbar shaidarta. A halinka, ina ba ka shawara ka nemi ƙaramin ma'aunin ƙarfin busa da ake riƙewa a hannu, ka riƙa busawa safe da yamma na aƙalla mako biyu kana rubutawa, har da ranakun da ba ka je aiki ba. Idan lambobin suna faɗuwa a ranakun feshi suna farfaɗowa ranar hutu, to aikin ne ke tayar da ita. Fentin mota da ake haɗawa da maganin daskarewa yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda sananne ne wajen haddasa asma ga masu feshi, kuma tsumma ko takunkumin yadi ba ya tare shi. Ka kai wa likitanka wannan rubutu da wuri, domin wanda ya ci gaba da shaƙar abin da ke tayar masa da asma yana iya wayar gari ta zauna masa dindindin.

Wani magidanci mazaunin Asawase ya ce: Na yi shekaru ina fasa dutse a ramukan zinariya a yankin Obuwasi, kuma na taɓa shan maganin tarin fuka na wata shida har aka sallame ni. A gwajina FEV1/FVC ya nuna 0.85, amma FVC kashi 62 cikin 100. An ce sai na sake wani gwaji a cikin akwatin gilashi. Me ya sa na farkon bai wadatar ba?

Malam, takardarka ta nuna akasin ta Hajiya. Iskarka tana fita da sauri, amma ba ta da yawa, kashi 62 cikin 100 kawai na abin da ake tsammani ga irinka, wato ana zargin mazubin ne ya ƙanƙance, bakin kuwa lafiyarsa ƙalau. Sai dai zargi ne kawai, ga kuma dalili. Duk yadda mutum ya matse ƙirjinsa, akwai iskar da ba ta fita, wadda ke hana huhu manne wa juna. A jikin namiji matsakaici takan kai kimanin lita 1.2, a cikin jimillar kusan lita 6 da huhu ke ɗauka. Sifirometa tana auna abin da ya fito ne kaɗai, ba ta ganin abin da ya rage. Saboda haka FVC yana iya yin ƙasa don huhu ya tsuke da gaske, yana iya yin ƙasa don iska ta maƙale a ciki ta ƙi fita, yana kuma iya yin ƙasa don mutum bai busa da iya ƙarfinsa ba. Akwatin da aka ambata maka yana amfani da canjin matsin iska ne ya lissafa dukan abin da ke ƙirji, har da wanda ya rage. Wasu wuraren kuma iskar hiliyam ake shaƙa don wannan lissafi. Idan jimillar, wadda za ka ga an rubuta TLC, ta yi ƙasa da iyakar da ake tsammani ga mai shekarunka da tsayinka, a nan ne tsukewar huhu ta tabbata.

Daga nan sai a nemi dalili. Ƙiba mai yawa, ruwa a ƙirji, lanƙwasar ƙashin baya da raunin tsokar numfashi duk suna matse huhu daga waje. Tabo kuwa daga ciki yake ɓata shi. Gwajin da ke taimakawa wajen rarrabewa shi ne DLCO, inda za ka shaƙi iska mai ɗan ƙanƙanin sinadarin kabon monoksayid, ka riƙe numfashi daƙiƙa 10, a ga yadda take ratsawa zuwa jini. Idan naman huhu ya yi tabo, lambar takan faɗi. Tarihinka ya sa na fi karkata ga tabo, domin tarin fuka yakan bar shi ko bayan an warke, haka ma ƙurar dutse mai sinadarin silika, wadda illarta kan bayyana shekaru bayan an bar aikin. Wanda ƙurar nan ta taɓa huhunsa ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da tarin fuka, don haka ina roƙonka ka yi hoton ƙirji, a kuma gwada kakinka, musamman idan kana rama, ko zufar dare, ko tari ya wuce mako biyu. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnatin Gana. Ba kowane asibiti ke da akwatin ba, amma sashen cututtukan ƙirji na manyan asibitocin koyarwa, Komfo Anokye a nan Kumasi ko Korle Bu a Akara, nan ne ya dace likitanka ya tura ka don a tsara abin da ya kamata.

Wata baiwar Allah ta ce: An yi wa mahaifina aikin yanar ido kwana huɗu da suka wuce, kuma an ba shi ranar gwajin huhu a wannan makon. Ya je?

'Yar'uwa, ki sanar da masu gwajin su ɗaga ranar. Busawa da ƙarfi tana ɗaga matsi a ido da ƙirji da ciki, shi ya sa ake jira aƙalla mako ɗaya bayan aikin ido ko bugun zuciya, da kimanin mako huɗu bayan tiyatar ƙirji ko ciki. Likitan idonsa yana iya neman a ƙara jira, kuma maganarsa za a bi. Ranar da Baba zai je, ya sa tufafi marasa matsewa, kada ya cika cikinsa da abinci, ya tafi da duk magungunan shaƙarsa, ya kuma tambaya tun kafin ranar ko ana so ya dakatar da su na wasu sa'o'i. Za a manne masa hanci a sa shi ya busa aƙalla sau uku masu kyau, wani lokaci har sau takwas, yana zaune a kujera saboda jiri kan ɗebi wasu. Idan ba ya jin Turanci ko Tuwi sosai, ki raka shi ki riƙa fassara masa umarnin mai gwajin, domin ingancin sakamakon ya dogara ne a kan ya fahimci lokacin da zai cika ƙirji da lokacin da zai saki iskar gaba ɗaya.